Mutumin da Ya Tare Bakin Maƙoshi

A garinmu Tagunt, can cikin duwatsu, an yi wani mai ɗinkin akumari ana kiransa Makluf ɗan Hayim. Ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ba ya cin haƙƙin kowa, kuma in ya ɗinka wa jakinka akumari sai jakin ya tsufa ya mutu ya bar shi. Aibinsa ɗaya ne, shi ne kuma ya ci shi. Makluf ya ɗauka mala'ikun Ubangiji barorinsa ne.

Abin ya faro ne daga tsira da ya yi har sau biyu. Da farko 'yan fashi suka harbe shi a hanyar kasuwa, harsashin ya maƙale cikin akumarin da ya goyo a baya, ko ƙwarzane bai yi ba. Ba a daɗe ba rufin shagonsa ya rufta, shi kuwa ya fita shan ruwa kenan. Ranar Asabar a majami'a, malaminmu Rabbi Ishu'a ya tsayar da shi gaban jama'a ya yi godiya, kamar yadda duk Bayahuden da ya tsira daga halaka yake yi, ya kuma tuna mana alkawarin da ke cikin littattafanmu, cewa Ubangiji yana aiko mala'iku su tsare bayinsa a hanya. Da aka fito tsofaffin mata suka riƙa shafar rigarsa. Wani da ya ga irin wannan sai ya ƙara tsoron Allah. Makluf kansa ne ya kumbura.

Mu a wurinmu ba a barin mutum ya kama hanya daga ƙofar gida shi kaɗai. Dole a raka shi har bayan gari. Babba a cikin masu rakiya ya ɗora masa hannu a ka, ya tuna masa kakanmu Yakubu da rundunar mala'ikun da ta tarye shi a hanya, ya roƙa masa Mika'ilu a dama, Jibrilu a hagu, matar gida kuma ta watsa ruwa a bayansa. Wanda ba a raka ba, ba ya tafiya. Ko kaya ya ɗaure sai ya kwance. Haka kuma ba a ratsa duwatsu sai cikin ayari. Makluf ya fara raina duk wannan.

Wata safiya aka gan shi yana ɗora wa alfadarinsa kaya, ayari kuwa ya yi nisa. Wani daga cikin mazauna ƙofar gari ya ce, "Makluf, barci ya yi daɗi ke nan? An tafi an bar ka."

"Ayari na matsorata ne," in ji Makluf. "Ni ina da 'yan rakiyata. Ba sa cin guzuri, ba sa neman lada."

"To ka ce su ɗaukar maka kayan mana, ka huta da sayen sha'ir."

Aka yi dariya, har da shi. Rabbi Ishu'a ne kaɗai bai yi ba. Ya matso da sandarsa ya ce, "Ɗana, an ce za su tsare ka a kan hanyarka. Ba a ce za su bi ka duk ramin da ka ga damar faɗawa ba."

"Malam, ai da bakinka ka faɗa gaban jama'a cewa sun tsare ni."

"Na faɗa. Amma ba kai ka aiko su ba, kuma ba kai za ka hana a kira su su koma ba."

Makluf ya sumbaci hannun malamin don kunya, ya ja alfadarinsa ya tafi. Ya je lafiya ya dawo lafiya, abin da ya ƙara lalata shi kenan. Daga nan ya sami sabon abin taƙama, wai shi Asabar ba ta taɓa riskarsa a hanya ba, kuma ba za ta taɓa ba. Mu a dokarmu Asabar na shigowa ne da faɗuwar ranar Juma'a, kuma ba a tafiya ko aiki sai ta fita.

Da a ce ransa kaɗai yake wasa da shi, da ba mu daɗe muna ba da labarinsa ba. Amma yana da mata, sunanta Fireha, 'yar garin Imzir da ke bayan dutse. Mace ce mai fara'a, mai saurin baki, ita kaɗai ke iya yi masa ba'a ya yi shiru. A ƙarshen bazara mahaifiyarta ta kwanta ciwo, ta je jinya. Da aka aiko cewa tsohuwa ta warware, Makluf ya shirya ɗauko matarsa. Kafin ya tafi aka ba shi girma a majami'a, aka ce shi zai fito da naɗaɗɗen littafi mai tsarki ranar Asabar mai zuwa. Wani ya ce a ba wani dai, tun da mai tafiya Imzir ba a san ranar dawowarsa ba. Makluf ya dafa ƙirji ya ce kafin rana ta faɗi ran Juma'a za su gan shi a wurin zamansa.

Tsakanin Imzir da Tagunt hanya biyu ce. Akwai ta kan tudu, mai nisa, wadda in ka taso da hantsi sai duhu ya same ka. Akwai kuma ta cikin kwazazzabon da muke kira Maƙoshi, gajeriya, busasshen rafi ne tsakanin bangaye biyu na dutse, a wani wurin ma jakai biyu ba sa giftawa. Kowa ya san ba a shiga Maƙoshi in an ga hadari a kan dutse, ko da rana na ƙwallewa a inda kake.

Ran Juma'a Makluf ya makara a Imzir, don mutanen garin sun yi ta kawo masa akumarai yana gyarawa. Da ya ɗaga kai, rana ta yi sama. Garin fes yake, babu ko ɗigon gajimare, amma can kan babban dutse hadari ya haɗu baƙi ƙirin, yana walƙiya ba a jin ƙara. Surukinsa Baba Ayush, dattijo mai ƙarancin magana, ya daɗe yana kallon wajen kafin ya ce, "Makluf, kwance kayan nan. A nan za ku yi Asabar."

"Baba, na yi alkawari a majami'a."

"Mu ma muna da majami'a. Ƙarama ce, amma Allah ɗaya ne."

"Ta Maƙoshi za mu bi, kafin la'asar mun isa."

Fireha tana ɗaure ƙunshin burodi, hannunta ya tsaya. Ta ce, "Maigida, kai da ido a kanka kake wannan magana? Dubi dutsen can."

"Na gani. Ke dai hau."

"In littafin ne, ai ba gudu zai yi ba. Wani makon ka ɗauke shi har ka gaji."

"A ce Asabar ta kama Makluf a hanya? Su mazauna ƙofar gari su sami abin yi da ni har shekara?"

Baba Ayush ya ga magana ba ta shiga. Sai ya yi abin da yake ganin babu Bayahuden da zai iya tsallakewa. Ya koma ya zauna a bakin ƙofarsa, ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya ce, "To ni ba zan raka ku ba. Ba zan ɗora hannuna a kan wannan tafiya ba, kuma ba wanda zai watsa muku ruwa daga gidan nan."

Fireha ta sauke ajiyar zuciya, a zatonta magana ta ƙare. Amma Makluf murmushi ya yi, ya ce, "Ba komai, Baba, ka huta. Waɗanda ke raka ni ba sa jiran izinin kowa." Ya ɗaga matarsa ya ɗora kan alfadari. Ta waiwayo tana kallon mahaifinta, shi kuwa ya sunkuyar da kai, yana jira surukin nasa ya kai bakin gari ya ji tsoro ya juyo. Ba su juyo ba.

Ba a taɓa fitar da Fireha daga wani gida ba addu'a ba, sai ta ji kamar ta fito ba mayafi. Tana tafe tana motsa baki, tana roƙa wa kanta abin da mahaifinta bai roƙa mata ba. Makluf yana gaba yana waƙa.

Da suka iso bakin Maƙoshi, alfadarin ya tsaya cak. Makluf ya ja linzami, dabbar ta kafe ƙafafu, kunnuwa a miƙe, jiki na rawa, tana kallon wuri ɗaya. Sai a sannan suka lura da mutum tsaye a tsakiyar mashigar. Sanye yake da farar rigar ulu irin ta makiyaya, amma babu tumaki, babu kare, babu ko gora. Ba tsoho ba ne, ba kuma yaro ba. Makluf ya san kowane makiyayi a wannan yanki, Musulmi da Bayahude, don duk shi ke musu ɗinki, amma wannan fuskar bai taɓa ganinta ba. Abin da ya fi damunsa, ƙasar wurin yashi ce mai laushi, kuma bai ga sawun da ya kawo mutumin ba.

Ya yi ta maza ya ce, "Salama gare ka, bawan Allah. Ba mu hanya."

"Ku koma," in ji mutumin. Muryarsa a kwance take, ba faɗa, ba roƙo.

"Sauri muke yi, Asabar na tafe."

"Ku hau tudu. Inda ta same ku, ku zauna ku karɓe ta. Ba laifi ba ne a kanku."

Makluf ya yi mamakin yadda baƙo ya san dokarmu, amma girman kai ya rufe mamakin. Ya ce, "Ka san da wa kake magana? Harsashi ya same ni bai huda ni ba. Ɗaki ya rufta ya jira na fita. Ina da masu tsarona."

Mutumin bai ko dube shi ba. Idonsa na kan Fireha. Ya ce, "Kai ka wuce in ka so. Sauke matar, ka bar ta a nan."

Fireha ta sunkuyo ta kama hannun rigar mijinta, ta ce a hankali, "Maigida, don girman Allah mu koma. Ka manta labarin bokan nan na cikin littafi da jakinsa ya ga mala'ika a hanya shi bai gani ba? Dubi dabbar nan yadda take rawa."

"Yanzu ni kike haɗawa da boka?"

"Ba haka nake nufi ba. Tsoro nake ji."

"In bar matata hannun wani ƙato a daji, a ji da ni a gari? Ki rufe min baki."

Ya ɗauki sanda ya hau dukan alfadarin har ya fasa masa fata, dabbar ta durƙusa amma ba ta matsa ba. Da ya ga haka sai ya kwance rawaninsa ya ɗaure mata idanu tamau. Don kada tutsun dabbar ya kayar da Fireha, ya zaro igiyar fata irin wadda yake ɗinki da ita, ya ɗaure ƙugunta jikin akumari, ya ƙulle. Sannan ya ja linzami. Alfadarin da ba ya gani ya miƙe ya biyo shi yana tuntuɓe. Mutumin ya matsa gefe ya ba su hanya. Da Fireha ta waiwaya ta ga yana biye da su da ido, fuskarsa cike da baƙin ciki, sai ta fara kuka marar sauti.

Cikin Maƙoshi babu rana. Sama ta koma siririyar tsaga can bisa kansu. Babu kukan tsuntsu, babu motsin ƙadangare, sai ƙarar kofato kan tsakuwa. Makluf ya so ya ci gaba da waƙarsa, ya ji muryarsa na dawo masa wata iri, ya bari. Sun yi nisa sosai, sun wuce inda komawa ke da amfani, sai wata iska mai sanyi ta buso daga gabansu ɗauke da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Jim kaɗan wani ɗan siririn ruwa ja ya silalo tsakanin ƙafafunsa, yana tura busassun ganye.

"Maigida," in ji Fireha, "ji."

Ya ji. Wata ƙara ce can nesa, kamar ana niƙa da manyan duwatsu, kuma ƙasa na amsawa a tafin ƙafarsa. Ya duba dama ya duba hagu, ya hango wani ɗan tudu a jikin bangon, daidai inda mutum zai iya kamawa ya hau. Ya ruga ya kama ƙullin igiyar da ke ƙugun matarsa. Ƙullin nasa ne, irin wanda yake alfahari ba ya kwancewa. Ya sa farce, ya sa haƙori. Ya lalubo wuƙarsa, alfadarin ya zabura ya buge hannunsa, wuƙar ta faɗa ruwan da yanzu ya kai gwiwa.

"Buɗe masa ido," Fireha ke cewa, "buɗe masa ido ya ga inda zai bi."

Ya miƙa hannu zai fizge rawanin, sai ruwan ya kwano kwanar. Ba ruwa kaɗai ba ne, taɓo ne da itatuwa da duwatsu, tsayinsa ya fi soro. Makluf bai san yadda aka yi ba, ya dai ji an maka shi jikin bango, hannunsa ya sami tsaga ya riƙe, ya ja jikinsa sama. Da ya juyo ya ga alfadarin yana juyi a tsakiyar ruwa da ɗaurarrun idanu, Fireha a bisansa ta miƙo hannu biyu. Bakinta na motsi, amma ƙarar ruwan ba ta bar shi ya ji abin da ta ce ba. Kwana ta gaba ta ɗauke su.

Ya yi ta kiran sunanta har muryarsa ta dishe. Sannan ya koma kiran mala'iku ɗaya bayan ɗaya, da duk sunan da ya sani, yana ba su umarni, daga baya yana roƙonsu. Ruwa kaɗai ke amsa masa. Da ya ɗaga kai ya ga tsagar saman ta yi ja, alamar rana na faɗuwa, Asabar ta shigo ta same shi a manne da dutse. A can bisa gaɓar da ke fuskantarsa kuma ya hango farar riga. Mutumin ne tsaye, a wurin da ko akuya ba ta hawa. Makluf ya ɗaga hannu yana ihu. Mutumin bai dube shi ba. Fuskarsa na wajen da ruwa ya tafi da Fireha, ya juya ya bi wajen.

Da gari ya waye makiyaya Musulmi, maƙwabtanmu, suka ji nishinsa suka zura igiya suka jawo shi. Ƙashinsa ko ɗaya bai karye ba. Ya tambaye su mutumin da ke tsaye bakin Maƙoshi jiya, suka dubi juna, suka ce duk wanda ke da hankali ya kwashe dabbobinsa ya hau tudu tun da safe, ba su bar kowa a can ba. Su ne kuma suka tsinci Fireha a inda kwazazzabon ya buɗe, har yanzu ɗaure jikin akumari. Sai da suka yanke igiyar.

Bayan Asabar ta fita aka binne ta a Tagunt. Baba Ayush ya zo, ya tsufa a kwana biyu kamar an ƙara masa shekaru. Bai zagi Makluf ba, bai ɗaga murya ba. Ya tsaya gabansa ya ce, "Na hana rakiya don in tsayar da kai. Ka sa 'yata ta bar gidana ban sa mata albarka ba. Da wannan zan mutu." Ya juya ya tafi, ba su sake haɗuwa ba.

A cikin kwanakin makoki Makluf na zaune a ƙasa da yagaggiyar riga kamar yadda al'adarmu take, Rabbi Ishu'a ya shigo ya zauna kusa da shi. Makluf ya ce, "Malam, ina suke? Ka ce suna tsare mu. Na kira su ba su zo ba."

"Faɗa min duk abin da ya faru," in ji malamin.

Ya faɗa masa, bai rage komai ba. Da ya kai kan mutumin da ya tare mashiga, malamin ya ɗago ya dube shi. Sannan ya ce, "Ban san ko wane ne ka gani ba, kuma ba zan ce na sani ba. Amma kai kana jiran wanda zai ɗauke ka bisa ruwa, sai aka aiko maka wanda zai ce ka koma. Ya zo, Makluf. Ka ratsa ta gefensa ka wuce."

Wannan karon ba a tsayar da shi a majami'a ya yi godiyar tsira ba, shi ma bai nema ba. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, ni ma na san shi da furfura. Manyanmu sun koya mana cewa duk yammacin Juma'a, in mutum ya taso daga majami'a, mala'iku biyu ke biyo shi har gida, su leƙa su ga ko matar gida ta kunna fitilar Asabar. Shi ya sa kowa ke shiga gidansa da waƙar yi musu maraba. Mukan wuce ƙofar Makluf a wannan lokacin, mu gan shi tsaye a waje, ɗakinsa duhu, hannunsa a kan ƙyaure. Ba ya iya shiga, kuma ba ya iya waiwayawa, don tsoron wanda zai gani a bayansa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, tsaron Allah kyauta ce, ba hayar da mutum ya biya ba, kuma wanda aka tsare jiya ba a ba shi izinin jefa kansa cikin halaka yau ba. Mala'ikun da aka yi alkawarin za su kiyaye mu ba kullum suke zuwa su ɗauke mu daga cikin ruwa ba. Sau da yawa tsaron yakan zo tun kafin ruwan, a bakin dattijon da ya ce ka zauna, ko a tsoron matarka, ko a wani da ya tare maka hanya. Duk wanda girman kai ya sa ya ture waɗannan yana cewa Allah zai kiyaye, ba dogaro ga Allah yake yi ba, gwada Allah yake yi. Kuma ya sani, ba lalle shi ne zai biya ba. Wani lokaci wanda ya amince da shi ya biyo shi a baya ne ke tafiya, a bar shi da rai yana tunawa.